Gonar Uba Da Rabon 'Ya'ya

Karatu: Joshua 15:13-19, Luka 15:11-32, Afisawa 6:1-4
Aya ta haddacewa: Kolossiyawa 3:21

'Yan'uwa cikin Kristi, idan kaka ta wuce an kai hatsi rumbu, masu fadama ba su hutawa. Sai su ɗauki fartanya da gatari su gangara lambu, su yi shinge, su yashe rijiya, su gyara fangali. Mai gida yakan tafi da 'ya'yansa, gama aikin lambu ya fi ƙarfin mutum ɗaya. Amma a ƙauyuka da yawa yau muna ganin tsoho shi kaɗai yana ban ruwa, 'ya'yansa maza sun tafi birni suna acaɓa ko dako, ba su kuwa da niyyar komowa. Iyaye suna cewa 'ya'yan zamani ba su son aiki. 'Ya'ya kuma suna cewa sun gaji da noman da ba su ganin amfaninsa. Bari mu buɗe Littafi Mai Tsarki mu ga abin da Allah yake so uba ya zama ga 'ya'yansa a cikin gonar da suke nomawa tare.

1. Gandu alkawari ne

Tun kakanninmu, Hausawa suna noma a gandu. Gandu shi ne babbar gonar gida, wadda uba da 'ya'yansa maza, har da masu aure, suke nomawa tare, su ci daga rumbu ɗaya. Bisa ga al'ada 'ya'ya sukan yi aikin gandu tun da safe har wajen azahar. Sa'an nan kowa ya tafi gayaunarsa, watau ɗan yankin da uba ya ba shi, wanda abin da ya fito ciki nasa ne shi kaɗai.

Uba ma yana da nasa nauyi. Shi ne mai ba da iri da kayan aiki, shi ne mai ciyad da gida. Shi yakan biya wa 'ya'yansa haraji a zamanin da ake biyansa, kafin gwamnatocin Kano da Kaduna su soke shi a 1979. Shi yakan yi wa ɗa auren fari. Shi kuma zai yanka masa gayauna, ya bar masa lokacin nomanta. Wata mai bincike daga Ingila, Polly Hill, ta zauna a Batagarawa kusa da Katsina a 1967 tana nazarin zaman manoma. Ta bayyana gandu a kan cewa yarjejeniya ce ta son rai tsakanin uba da ɗansa mai aure, wadda kowannensu yake samun amfani a ciki. Wannan gaskiya ce da kowane dattijo ya sani. Ɗa mai aure ba a ɗaure shi da igiya. In ya zauna, ya zauna ne domin yana da rabo.

Haka yake a lambun rani. Sau da yawa fadama gadon dangi ce da ba a raba ba, gidaje uku ko huɗu suna ɗiban ruwa daga rafi ɗaya. Uba da 'ya'yansa suna da nasu fangali a ciki. Tambayar da ke gabanmu ita ce: yaron nan da yake jan ruwa tun asuba, ɗa ne a wurin ubansa, ko kuwa ɗan ƙodago ne wanda ba a biyansa?

2. Kaleb ya ba 'yarsa ruwa

Mun san Kaleb. Yana da shekara 40 sa'ad da Musa ya aike shi leƙen asirin ƙasar Kan'ana, yana da 85 sa'ad da ya roƙi Joshua ya ba shi Hebron (Joshua 14:7-13). Jarumi ne, mai bin Ubangiji da zuciya ɗaya. Amma a sura 15 muna ganinsa a matsayin uba. Ya aurad da 'yarsa Aksa ga Otniyel, wanda ya ci garin Kiriyat-sefer da yaƙi, ya kuma ba ta ƙasa a Negeb, yankin kudu mai ƙarancin ruwa. Aksa ta hau jaki ta zo wurin ubanta. Da ta sauka, Kaleb ne ya fara tambayarta abin da take so. Ta ce tun da ƙasar da ya ba ta busasshiya ce, sai ya haɗa mata da ruwa. Kaleb ya ba ta maɓuɓɓugan tudu da na gangare duka biyu. Ruhun Allah ya ga labarin nan ya isa a rubuta shi sau biyu, gama yana nan kuma a Alƙalawa 1:12-15.

Manomin lambu zai gane wannan labari fiye da malamin birni. Tudu marar ruwa yana ba da amfani sau ɗaya a shekara, in damina ta yi kyau. Fadama mai ruwa tana ciyad da gida har cikin bazara. Mu lura da abu uku.

Na fari, Aksa ba ta ji tsoron zuwa wurin ubanta ba, shi kuma bai jira ta yi ta kewaye-kewaye ba. A gidajen waɗansunmu ɗa mai gemu ba ya iya buɗe baki ya tambayi ubansa nawa aka sayad da albasa, sai ya aiki uwarsa ko kawunsa. Kunya tana da kyau, amma tsoro ba kunya ba ne.

Na biyu, Kaleb ya ba da abin da zai yi amfani. Akwai uban da yake yanka wa ɗansa gayauna a fako, inda ko ciyawa ba ta tsira, ya riƙe wuri mai laima duka, sa'an nan ya ce ai ya ba shi gona. Gona ba ruwa, ko gona ba lokacin nomanta, suna ne kawai.

Na uku, wadda aka ba ruwan nan 'ya ce. A Littafin Lissafi 27 ma Ubangiji ya goyi bayan 'ya'ya mata biyar na Zelofehad da suka nemi gādon ubansu. A gidajenmu na masu bi mata da 'yan mata suna dashe, suna cire ciyawa, suna tsinkar tumatir, suna kai shi kasuwa a ka. Wane dalili ne zai sa a ranar rabo a manta da su?

3. 'Ya'ya biyu da suka manta su 'ya'ya ne

A Luka 15 Ubangiji Yesu ya ba da misalin wani mai gona da 'ya'yansa biyu. Ƙaramin ya karɓi rabonsa ya tafi ƙasa mai nisa ya lalatar. Da yunwa ta kama shi, ya ƙudura zai komo ya roƙi ubansa ya mai da shi kamar ɗaya daga cikin 'yan ƙodagonsa. Uban ya hango shi tun daga nesa, ya sheƙa ya rungume shi, bai ma bar shi ya kai ga maganar ƙodagon ba. Ya sa aka kawo riga da zobe da takalma, kayan ɗan gida ke nan.

Babban yana ina? Yana gona. Bai taɓa barin gandu ba. Amma da ya buɗe baki, sai ya yi magana kamar bara: ya ƙidaya shekarun da ya yi yana bauta, ya ce ko ɗan akuya ba a taɓa ba shi ba. Uban ya fito waje ya lallashe shi, ya kira shi ɗansa, ya tuna masa cewa dukan abin da yake da shi nasa ne.

Dukansu biyu sun auna kansu da mudun ƙodago, uban kuwa ya ƙi wannan mudu ga dukansu. Haka Ubanmu na sama yake yi da mu. Bulus ya ce cikin Kristi mun tashi daga zama bayi, mun zama 'ya'ya, tun da kuwa 'ya'ya ne, magada ne (Galatiyawa 4:7). Ba da aikinmu muka sayi wannan ba, jinin Yesu ne ya saya mana.

To, uba Kirista hoton Uban nan ne a gidansa. Yaro yakan fara koyon ma'anar kalmar "uba" a wurin wanda yake bi zuwa lambu, kafin ya koyi faɗinta cikin addu'a. Babban ɗan misalin nan ya yi kuskure, gama ubansa mai alheri ne. Amma akwai 'ya'ya a ekklesiyoyinmu waɗanda in sun yi wannan kuka, gaskiya suka faɗa. Sun yi shekara goma suna jan ruwa, ba su taɓa riƙe kuɗin kwando ɗaya ba. Ga irin iyayensu ne Bulus ya rubuta cewa kada su cakuni 'ya'yansu har zuciyarsu ta karai (Kolossiyawa 3:21). Ya kuma ce manomin da ya sha wahalar aiki shi ya kamata ya fara cin amfanin (2 Timothawus 2:6), kuma iyaye ne suke yi wa 'ya'ya tanadi (2 Korinthiyawa 12:14).

4. Lambu makaranta ce

Tun kafin zunubi ya shigo duniya Allah ya sa Adamu a gonar Adnin domin ya noma ta, ya kiyaye ta (Farawa 2:15). Saboda haka noma ba la'ana ba ce. Hausawa ma suna cewa, na duƙe tsohon ciniki, kowa ya zo duniya kai ya tarar. Uban da yake ƙaunar ɗansa zai koya masa sana'ar duka, ba zai tsaya ga aikensa kawai ba.

A nuna wa yaro yadda ake renon iri a ƙaramin fangali, a rufe shi da ciyawa har ya tsira. A nuna masa cewa dashe da yamma ake yi, domin rana kada ta kashe shi. A koya masa cewa takin shanu da ya ruɓe shi ne mai kyau, ɗanye kuwa yakan ƙone shuka. A koya masa janye wa albasa ruwa idan ta kusa ƙosawa, domin wadda aka cire da laima ba ta jimre ajiya. A gaya masa dalilin da ba a maimaita tumatir da attaruhu da gauta a wuri ɗaya kowace shekara, gama dangin juna ne, cutarsu ɗaya. A 2016 wata tsutsa ta cinye tumatir a jihohin Kano da Kaduna da maƙwabtansu, har tsadarsa ta kai ko'ina a Nijeriya. Wanda ya zuba dukan ƙarfinsa a tumatir ya tashi hannu wofi, mai albasa da kuɓewa da alayyafo a gefe ya sami abin riƙewa. Irin wannan hikima a bakin uba ya kamata ɗa ya ji ta.

Kayan aiki sun sake. Kakanninmu da jigo da guga suka yi ban ruwa. An gama madatsar ruwa ta Tiga a 1974, aka buɗe filayen noman rani a Kadawa da kewaye. Daga baya, a shekarun 1990, shirin Fadama na gwamnati da Bankin Duniya ya yaɗa ƙananan injunan ban ruwa da rijiyoyin burtsatse. Sau da yawa yaro ya fi ubansa sanin inji, ya fi shi sanin farashin kasuwa ta waya. Uba mai hikima ba zai ji kunyar tambayar ɗansa ba. Idan ɗa ya ga ana neman shawararsa, ya san lambun nasa ne.

Musa ya umarci Isra'ilawa su koya wa 'ya'yansu maganar Allah a zaune cikin gida da kuma a kan hanya (Kubawar Shari'a 6:7). Hanyar lambu tana cikin wannan. Wanda ya shuka iri ya kwana ya tashi ya tarar ya tsiro, ba shi da wuyar gane Markus 4:26-29. Wanda ya dasa, wani ya yi ban ruwa, zai gane abin da Bulus yake nufi da cewa Allah ne mai sa girma (1 Korinthiyawa 3:6-7). Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

5. Ƙauna tana tsaro

Ƙaunar uba tana hana shi cin amfanin lambu da lafiyar 'ya'yansa. Ga abubuwa huɗu da ya kamata mu kula da su.

Maganin ƙwari dafi ne. Kada a ba ƙaramin yaro ko mace mai ciki fesa shi. Mai fesawa ya rufe jikinsa da hancinsa, ya yi wanka bayan ya gama. Kada a zuba ruwan sha ko man girki a cikin kwalbar da ta ƙare. Kada a tsinki ganye a kai kasuwa kafin kwanakin da aka rubuta a jikin kwalba su cika, gama mai saye ma ɗan wani ne.

Ruwan da yake kwance yana kawo tsargiya. Ƙwayar cutar tana girma a jikin ƙananan katantanwa na ruwa, ta shiga ta fatar mai wanka ko mai tsayawa a ciki. Idan yaro yana fitsari da jini, wannan ba alamar girma ba ce kamar yadda waɗansu suke cewa. A kai shi asibiti, akwai magani.

Rijiyar lambu a kewaye ta da ƙaya ko a rufe bakinta saboda ƙanana.

Kada kuma lambu ya cinye makaranta. Yaro ya yi ban ruwa da sassafe ko da yamma da ranar Asabar. Wanda ya iya karatu da lissafi, dillali ba zai cuce shi a kan awo ba, zai kuma karanta Maganar Allah da kansa.

Waɗansu sukan tambaya, yaya za a yi da ban ruwa ran Lahadi? Ubangiji ya tuna wa Yahudawa cewa sukan kwance sa ko jaki su kai shi shan ruwa ran Asabaci (Luka 13:15). Sabon dashe ba ya jira. Amma a ƙosad da lambu da ruwa ran Asabar da yamma, in ya zama dole a taɓa na dashe da asuba, sa'an nan gida duka a tafi sujada tare. Uban da yake zaune a majami'a yana waƙa, ya bar 'ya'yansa a fadama suna jan ruwa, ya riga ya yi musu wa'azi, ba kuwa mai kyau ba.

6. Ƙasa ta Ubangiji ce

Tun da fadama ta mutane da yawa ce, 'ya'ya suna kallon yadda ubansu yake zama da maƙwabta. Allah ya ce wa Isra'ila ƙasa tasa ce, su baƙi ne a wurinsa (Levitikus 25:23). Ya hana kawad da iyakar maƙwabci (Kubawar Shari'a 19:14). Ya ce a bar wa matalauci da baƙo kala (Levitikus 19:9-10), ta haka kuwa Ruth ta ciyad da surukarta. Uban da yake tura gambar iyaka taƙi ɗaya kowace shekara, ko yake tare ruwa da dare a ranar da ba tasa ba, yana koya wa 'ya'yansa yadda za su yi wa juna bayan ransa. Maƙwabcin nan ko ɗan'uwa mai bi ne, ko Musulmi, ko makiyayi mai neman hanyar mashaya, a lambu ne zai ga ko bangaskiyarmu ta gaskiya ce.

Naboth ya ƙi sayar wa sarki Ahab gādon kakanninsa, ko da yake an yi masa tayin kuɗi ko gonar da ta fi tasa (1 Sarakuna 21). Ba mu ce sayad da gona zunubi ne kullum ba, gama ciwo da yunwa sukan tilasta. Amma uban da ya sayar ko ya jinginad da fadamar gida a ɓoye domin ƙarin aure ko biki, ya ci abincin jikokinsa. Bisa ga dokar ƙasa ta 1978 a Nijeriya, ƙaramar hukuma ce take ba da takardar izinin riƙe filin karkara. Ya kyautu uba ya tara 'ya'yansa maza da mata tun yana da rai, gaban dattawan ekklesiya da mai unguwa, a zaga iyaka, a rubuta rabon kowa. Dattawa sun sha zaman sulhu tsakanin 'yan'uwa 'yan ciki ɗaya a kan abin da takarda guda za ta kashe.

7. Magana ga 'ya'ya

Ku ma Afisawa 6 tana magana da ku, da ku ma ta fara. Ku girmama iyayenku. Kada ka sayad da kwandon gandu a ɓoye ka ce haƙƙinka ka ɗauka. In kana da kuka, yi kamar Aksa: je wurin baba da ladabi, ka faɗi bukatarka a fili. In aiki ya kai ka birni, wannan ba laifi ba ne, amma ka tafi da albarkarsa, ka tuna da kuɗin taki da man inji. Ranar da ƙarfinsa ya ƙare, kai ne za ka yanka masa gayauna, ka noma masa ita.

Abin da za mu yi a wannan rani

Kowane uba ya ware wa kowane ɗa da 'ya da suka isa aiki fangali nasu a wuri mai samun ruwa, abin da ya fito nasu ne, su fid da zakkar Ubangiji da hannunsu. Idan an sayad da amfanin lambun gida, a zauna a faɗi abin da aka samu da abin da aka kashe. A ba uwar gida nata wuri na kayan miya. A yi addu'a tare a bakin lambu ranar dashe da ranar tsinkar fari. Wanda ɗansa ya tafi da fushi, kada ya jira sai ɗan ya fara. Uban da ke cikin misalin shi ne ya fita wurin 'ya'yansa, sau biyu.

Tambayoyi domin tattaunawa

1. Waɗanne abubuwa ne uba yake ɗauka a gandu, waɗanne ne kuma ɗa yake ɗauka?
2. Don me Aksa ba ta gamsu da ƙasar Negeb ita kaɗai ba? Me amsar Kaleb take koya mana?
3. Ta wace hanya 'ya'ya biyu na Luka 15 suka yi kama da juna?
4. A ekklesiyarmu 'ya'ya mata da gwauraye suna da rabo a fadama?
5. Yaya dattawa za su taimaki iyali su rubuta rabon gona tun uba yana da rai?

Addu'a

Ya Ubanmu na sama, mun gode maka da ka mai da mu 'ya'ya da magada ta wurin Yesu Kristi. Ka ba iyaye maza zuciya irin taka, su yi rabo da gaskiya, su koyar da haƙuri. Ka ba 'ya'ya ladabi da ƙwazo. Ka komo da waɗanda suka tafi da ɓacin rai. Ka sa albarka a gonakinmu da na maƙwabtanmu. Cikin sunan Yesu, Amin.